Kafin 'yan takara su sake kama hanyar Chatham House

Da zarar kakar zaɓen 2027 ta kankama, ba sai an yi duba ba, za a fara jin cewa ɗan takara wane zai gabatar da jawabi a Chatham House, cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan. Magoya baya za su cika Facebook da hotunansa yana sauka daga jirgi cikin rigar sanyi, 'yan adawa kuma su ce me ya kai shi, ko Turawa ne za su kaɗa masa ƙuri'a. An yi wannan cacar baki a 2015, an maimaita ta a 2023. Ina tare da masu jin haushin har zuwa wani wuri, amma ina ganin sun tsaya a kan kujera da lasifika, sun bar abin da ya sa gidan ke da nauyin da yake da shi.

Cibiyar ba ta gwamnatin Birtaniya ba ce, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. An kafa ta a 1920, bayan taron sulhun da aka yi a Paris a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka yi mata rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Ginin da take ciki a dandalin St James tun 1923 kyauta ce daga wani attajiri ɗan Kanada da matarsa, kuma firaministoci uku sun taɓa zama a cikinsa. Gandhi ya yi magana a wurin a 1931. Mujallarta ta harkokin duniya tana fitowa tun 1922. Wannan shi ne jarin gidan: shekara ɗari da ɗoriya ana buɗe ƙofa, ana zama, ana rubuta abin da aka faɗa, ana adanawa.

Mu tuna abin da 'yan Najeriya suka je suka faɗa a can. A Janairun 2015 Sambo Dasuki, mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin, ya tsaya a zauren ya ce ya kamata a ɗage zaɓe saboda ba a gama raba katin zaɓe ba. Makonni kaɗan bayan haka INEC ta ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, sai dai dalilin da aka bayar a gida shi ne tsaro da yaƙin Boko Haram. Wato maganar da ta shafi ƙuri'ar mai shayi a Fagge, a Landan aka fara gwada ta. Ranar 26 ga Fabrairun shekarar marigayi Muhammadu Buhari ya je, ya gabatar da kansa a matsayin tsohon mai mulkin soja da ya rungumi dimokuraɗiyya, ya kuma ɗauki alhakin abubuwan da aka wuce gona da iri a kansu lokacin mulkinsa na farko. A wannan zagayen bai yarda ya shiga muhawara a gida ba.

Na 5 ga Disamban 2022 ya fi zama a zukatan mutane. Bola Tinubu ya karanta jawabinsa, da aka zo tambayoyi sai ya riƙa rarraba su ga 'yan tawagarsa: Nasir El-Rufa'i ya ɗauki ta tsaro, su Dele Alake da Ben Ayade suka ɗauki wasu. Wata guda kafin nan bai halarci zaman da gidan talabijin na Arise da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta CDD suka shirya wa 'yan takara a Abuja ba. A Janairun 2023 Peter Obi ya je ranar 16, shugaban INEC na lokacin Mahmood Yakubu ranar 17, Rabi'u Musa Kwankwaso ranar 18. Yakubu ya bayar da tabbaci kan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da ɗora sakamako a intanet. Ranar 25 ga Fabrairu sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan lokaci, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce.

Duk wannan na iya kawo shi da ranakunsa ne saboda an naɗa, an ajiye, kowa zai iya komawa ya saurara. Ga kuma abin da masu sukar ba su cika lura da shi ba: tambayoyin da ake yi a zauren ba su fi na ɗan jaridar gidan rediyo a Kano zafi ba. Sau da yawa ma sun fi laushi, sa'a guda ce, mai jagorantar zaman yana da ladabi irin na Ingilishi, rabin zauren kuma magoya baya ne. Ɗan takara ba jarrabawa yake zuwa ci ba. Hoto yake nema, da tambarin gidan a bayansa, da damar ya gaisa da jami'an diflomasiyya da masu zuba jari a gefe.

To me ya ba tambarin daraja? Sauran ranakun shekara. Wanda ya leƙa jadawalin cibiyar a kowane wata zai ga taruka a jere, yau kan makamashi, gobe kan Sudan ko Yukren, jibi kan bashin ƙasashe matalauta, kowanne da ranarsa da sunan masu magana tun makonni kafin lokacin. Akwai babban taronta na shekara-shekara da ta fara a 2014. Akwai lambar yabo da take bayarwa, wadda John Kufuor na Gana ya samu a 2008, alƙalan kotun tsarin mulkin Malawi kuma suka samu a 2020 bayan sun soke zaɓen shugaban ƙasarsu. Kasuwa ba yawan rumfuna ke sa ta ci ba, sanin ranarta ne: kowa ya san Laraba za a haɗu, ko da ruwa ko da rana. Ɗan siyasarmu yana zuwa ne ya ci moriyar amincin da wasu suka tara da zama kullum.

A ƙarƙashin tarukan kuma akwai bincike, kuma nan ne abin ya fi taɓa mu. A 2013 cibiyar ta fitar da rahoto kan satar ɗanyen man Najeriya, ta ƙiyasta ana sace ganga dubu 100 a kullum a farkon shekarar. A 2014 Leena Koni Hoffmann ta rubuta mata nazari kan su wa ke magana da yawun Arewa. A ƙarshen 2015 ita da Paul Melly suka fitar da wani kan cinikin da ke bi ta iyakokinmu da Nijar da Benin ba tare da shiga lissafin gwamnati ba, suka nuna cewa tsauraran dokokin shigo da kaya da wahalar bin hanyar hukuma su ke tura 'yan kasuwa bayan fage. A Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020, kuma mutanen Jibiya da Illela da Maigatari sun san abin da suka gani. Duk direban da ke bin hanyar Maraɗi zai iya ba ka labarin da ke cikin rahoton nan, wataƙila ma fiye. Bambancin kawai, nasa ya tsaya a tasha, nasu ya shiga kundi.

Ba ina cewa gidan mala'iku ba ne. Kuɗinsa na fitowa daga kuɗin mambobi, da gidauniyoyi, da gwamnatoci ciki har da ta Birtaniya, da manyan kamfanoni ciki har da na mai irin su Shell da BP. Wanda ke karanta rahotonsa kan makamashi a Afirka ya kamata ya san haka. Tambayoyin da yake ɗauka su ne waɗanda suka dami Landan: hijira, ta'addanci, mai, China. Tsadar taki ko mutuwar masaƙun Kaduna ba su cika shiga sahun gaba ba. Abin da zan yaba masa shi ne yana wallafa sunayen masu ba shi kuɗi, don haka mai zargi yana da inda zai fara.

Sai shirye-shiryen horar da shugabanni, waɗanda matasanmu suka fi sa wa ido. A 2014 Sarauniya Elizabeth ta buɗe makarantar koyon shugabanci a cikin cibiyar, kuma ɗaya daga cikin guraben da ake tallatawa shi ne wanda gidauniyar Mo Ibrahim ke ɗaukar nauyi domin 'yan Afirka: wata goma a Landan, da alawus, mutum ya yi bincikensa tare da ma'aikatan gidan, ya halarci zama da manyan jami'ai. Akwai kuma wani dandali da ke haɗa matasan Afirka da na Turai su tattauna manufofi ta intanet. Duk wanda ya ga an buɗe, ya nema, ba na hana kowa. Amma gurbi ne na mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan a nahiya guda, kuma takardar neman kanta rariya ce. Tana son tsarin bincike cikin Turanci mai santsi, da tarihin aiki, da masu tsaya maka waɗanda sunansu ke da nauyi. Wanda ya riga ya yi digiri na biyu a Ingila ya san yadda ake rubuta irin wannan. Jami'in kasafin kuɗi a ma'aikata a Gusau ko Damaturu, wanda shi ne ke riƙe da alƙaluman gaske, yawanci bai ma ji labari ba. Waɗanda suka dawo kuma, a iya abin da nake gani, ofisoshin ƙungiyoyin agaji a Abuja ne ke kwashe su, ba ma'aikatun jiha ba.

Wani zai ce ai muna da namu. Gaskiya ne. Akwai cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da ke Kuru da aka kafa a 1979, inda Ibrahim Babangida ya yi kwas a rukunin farko, inda kuma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar yake kwas a 2006 lokacin da sarauta ta same shi. Amma ta gwamnati ce, kuma ta waɗanda suka riga suka kai ƙololuwa ce. Kaduna ta fara shirin Kashim Ibrahim na matasa a 2018, shi ma na gwamnati. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagoranta a 1970, daga baya ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda Attahiru Jega ya taɓa shugabanta. Ta fuskar tarihi da kwarjini, babu ɗayansu da zai ji kunya a gaban wani gini a Landan. Abin da suka rasa shi ne kuɗin da ba ya jiran kasafin jami'a ko alherin gwamna, sai ya zama talaka ya fi jin ɗuriyarsu a ranar tunawa da mamaci ko a jajibirin zaɓe.

A Oktoban 2022 gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta gayyaci 'yan takarar shugaban ƙasa Gidan Arewa. Atiku ya je, Tinubu ya je, Obi ya je. Kwankwaso ya ƙi, sansaninsa ya yi zargin cewa an riga an shirya mara wa wani baya. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ya nuna inda raunin yake. Wurin da ake tsammanin zai ɗaga hannun wani ba zai zama alƙali ba. Chatham House, da duk aibinta, ba ta cewa a zaɓi wane, a ƙa'idarta ma ba ta ɗaukar matsaya a matsayinta na cibiya, ra'ayin da ke cikin rahoto na marubucinsa ne. Shi ya sa Kwankwason da ya ƙi zuwa Kaduna ya hau jirgi zuwa Landan bayan wata uku. Haka nan ɗaya daga cikin manyan muhawarorin 'yan takarar gwamna da harshen Hausa a zagayen baya, ta sashen Hausa na BBC ce. Abin da ban takaici, amma dalilin ɗaya ne.

Akwai wani abu guda na gidan da nake ganin mun fi su buƙatarsa, wato ƙa'idar nan da suka tsara a 1927: a zaman da aka yi a ƙarƙashinta, kana iya amfani da abin da ka ji, amma ba ka faɗin wanda ya faɗa ko inda yake aiki. Jawaban 'yan takara ba sa ƙarƙashinta, a buɗe ake yin su. An yi ta ne don zaman ƙwararru. A yanayin da muke ciki a Zamfara da Katsina da Sakkwato, akwai hakimi da arɗo da jami'in tsaro da likitan karkara waɗanda suka san ainihin yadda kuɗin fansa ke yawo da yadda sulhu ke rushewa, amma ba wanda zai buɗe baki a gaban kyamara ya kwana lafiya. Zama irin wannan, sau ɗaya a wata, da marubuci a gefe yana tattara bayanin ba suna, ba ya buƙatar dala. Yana buƙatar gidan da kowa ya yarda ba zai tona shi ba, kuma wannan yarda ba a samunta a taro ɗaya.

Batun kuɗi ne zai rage. Attajiran Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna iya zuba miliyoyi a ƙaddamar da littafin wani babba cikin yini guda. Kuɗin mamba na shekara-shekara, wanda ba a kiran suna a lasifika, shi ne abin da ba mu saba da shi ba, kuma shi ne ke hana cibiya zama ta mutum ɗaya. Idan ɗari biyu suka biya kaɗan-kaɗan, ba wanda zai ɗaga waya ya ce a soke taro.

An ɗan taɓa hanyar da ta dace a Yulin 2025, lokacin da gidauniyar tunawa da Sir Ahmadu Bello ta tara jami'an gwamnatin tarayya a Gidan Arewa na kwana biyu don a duba alkawuran da aka ɗauka a wurin a 2022. Jawabin ministoci ya fi tambayar jama'a yawa, amma aƙalla an koma kan maganar da aka yi. Duk wanda zai gayyaci 'yan takara a zagaye mai zuwa, ya sanar da ranar tun yanzu, ya shardanta cewa ɗan takara da bakinsa zai amsa, ya wallafa zaman gaba ɗaya da Hausa da Turanci. Waɗanda suka zauna a Kaduna a 2022 kuma suka dawo neman ƙuri'a, a fara da karanta musu abin da suka faɗa a wancan lokacin.