Ko da akwai rai a wata duniyar, ba na jin za mu tarar da irinmu a can

'Yan uwa, wani hoto yana ta yawo a wayoyin samarinmu nan yankin Auyo: wai an gano wata duniya mai kama da tamu, har an zana mazaunanta da ƙafa biyu, hannu biyu, ƙaton kai da dara-daran idanu. Batun ganowar gaskiya ne. Tun 1995 da masana taurari Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke zagaya tauraro irin ranarmu, adadin ya haura 5,000 a 2022. Bakwai daga ciki suna zagaya tauraron TRAPPIST-1, wanda haskensa kan yi shekara 40 a hanya kafin ya iso mana. Har yau ba a ga rai a ko ɗaya ba. Zanen nan ne ban yarda da shi ba, kuma yana damuna.

A ce akwai wata duniya mai ruwa da iska da ɗumi daidai da namu, kuma Allah ya sa rai a cikinta. Shin za ta fitar da irin halittunmu?

Masu cewa e suna da hujja, kuma hujjar tana nan a dawanmu. Dubi bushiya da beguwa. Kowacce ta lulluɓe jikinta da ƙaya, amma bushiya dangin jaɓa ce, beguwa kuwa dangin ɓera. Tsoron a cinye su ne ya haɗa su a kan dabara ɗaya. Ƙerana da ake shinge da ita, mai kaurin jiki da ƙaya, kai ka ce 'yar uwar kaktus ɗin hamadar Amurka ce, alhali ba gidansu ɗaya ba, ƙarancin ruwa ne ya sassaƙa su haka. Jemage da tsuntsu da fara kowa da inda ya samo fiffikensa. Gero da dawa da masara da rake suna da wata hanya ta musamman ta sarrafa hasken rana a cikin tsananin zafi, kuma masana tsirrai sun ƙirga cewa wannan hanyar ta ɓullo daban-daban fiye da sau 60. Simon Conway Morris na Jami'ar Kambirij ya daɗe yana kafa hujja da irin waɗannan. Na yarda da shi har zuwa nan: inda akwai haske za a samu abin gani, inda akwai iska mai kauri za a samu mai tashi.

Amma kama da wane ba ta wane.

A 1988 wani masani a Amurka, Richard Lenski, ya raba ƙwayoyin bakteriya masu asali ɗaya cikin kwalabe 12. Abinci ɗaya, ɗumi ɗaya, kulawa ɗaya, kullum. Dukkansu sun ƙara saurin hayayyafa. Sai bayan zuriya 31,000, kwalba ɗaya tak ta iya cin sitiret, dangin sinadarin da ke sa lemon tsami tsami, wanda yake cikin abincinsu tun ranar farko. Sauran 11 suna ninƙaya a cikinsa ba su iya ba. Da aka ɗauko kakannin ƙwayoyin wannan kwalbar da aka ajiye a daskare aka sake gwadawa, sai na baya-bayan nan ne kawai suka maimaita abin, domin sai da wasu ƙananan canje-canje suka riga suka share hanya. Idan kwalabe 12 a ɗaki ɗaya sun rabu haka, ina ga duniyoyi biyu?

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na sikila, don kusan kowane gari a Jigawa akwai gidan da ke jinyarta. Mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta yaɗu a cikinmu. Mutanen gaɓar Bahar Rum da kudancin Asiya sun sha fama da wannan zazzaɓin, amma abin da ya fi yaɗuwa a jininsu wani ne daban, talasimiya. Mu duk 'yan Adam ne, cutar ɗaya ce, amsar ta bambanta.

Sannan ga ƙaddarar da ke faɗowa daga sama. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗa inda yau ake kira Meziko, ya share manyan dabbobin nan dainaso, sannan masu shayarwa suka samu fili. Wace duniya ce za ta samu irin wannan dutsen, a irin wannan lokacin?

Na san wani zai ce, Malam, wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne? Ni a ganina wanda ya zana baƙin sararin samaniya da siffarmu shi ya ƙuntata tunaninsa. A Suratun Nahli, aya ta 8, bayan an ambaci dawaki da alfadarai da jakai, sai aka ce yana halittar abin da ba ku sani ba.

Shekarun rai a duniyarmu sun kai biliyan 3.5, kuma mafi yawansu ƙwayoyin da ido ba ya gani ne kaɗai suka cinye su. Mai magana da rubutu sau ɗaya ya bayyana, can a ƙarshe. Don haka ranar da madubin hangen sararin samaniya na James Webb ko wanda zai gaje shi ya tsinkayi alamar rai, na fi zaton wani sinadari ne za a gani a iskar wata duniya, wanda ƙananan ƙwayoyi ke fitarwa.