Ba da Turanci Nuala Ní Dhomhnaill take waƙa ba

Yana damuna in ji ana cewa duk marubuta waƙoƙin Ireland da Turanci suke rubutu. Ba laifi a zaci haka, tunda Turanci mafi yawan mutanen ƙasar ke yi, kuma fassara ce ke iso mana.

Amma Nuala Ní Dhomhnaill da harshen Irish, wato harshen asali na Ireland, take rubuta waƙoƙinta. A Ingila aka haife ta a 1952, tana shekara 5 aka kai ta wani yanki na Kerry a Ireland, inda harshen ke raye a bakin mutane. Na Turancin, wasu ne suka fassara, irin su Paul Muldoon.

A waƙarta "Ceist na Teangan" ta kwatanta fatanta, da ta ɗora a ɗan jirgin harshenta, da jaririn da aka sa a kwando aka saka a kogi, kamar Annabi Musa, da fatan 'yar Fir'auna ta tsince shi.