Bashin Taki Ya Sa Sa'an Ɗana Ya Ci Mini Mutunci

Ranar Lahadi a kasuwar Gujungu aka tozarta ni a bainar jama'a, kuma wanda ya yi mini haka, da mahaifinsa muka yi makarantar allo.

Da damina na karɓi taki buhu biyu a shagonsa, biya sai kaka. Kaka ta zo, masara ta faɗi warwas. Na haɗa rabin kuɗin da ƙyar, na yi sallama na ce, "Alhaji, ga wannan, ka ɗaga mini ƙafa zuwa in sayar da riɗi."

Ko sallamar bai amsa ba. Ya karɓa, ya lashi yatsa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa a hankali yadda 'yan zaman benci za su gani. Sannan ya jawo littafi.

"Baba, ranar da kuka zo karɓa, rabi na ba ku?"

Na ce a'a.

"To wanda ba shi da halin noma ya haƙura mana. Ai na ga akuya a gidanku."

Akuyar uwargida ce, ita kaɗai ta rage a turke! Yaron da na ci tuwon sunansa, yau shi ke ƙirga mini dabbobin gida.

Me ya rage ba mu yanke ba? Koko babu suga. Tukunya sau ɗaya ake ɗorawa, da rana yara su sha ɗumame ko garin kwaki. Nama sai Sallah. Babur na jingine a zaure, ƙafa ta ɗauki aikinsa. Maganin hawan jini ana sha ana tsallake rana don ya kai ƙarshen wata. Adashi ya watse, kowa ya ci zubinsa.

Kuma wa ya jefa mu hannun irin waɗannan yara? Tun 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Taki ya bi, kuɗin mota ya bi. Sai kuma aka ɗage harajin shigo da masara da shinkafa, hatsinmu ya karye, taki yana nan a sama. Mu saya da tsada, mu sayar da arha, mu ci bashi, a zage mu! Takin tallafin da ake shela a rediyo, wane manomi ya gani? Sunayenmu ake rubutawa, buhunan su tsaya gidan masu uwa a gindin murhu. Ku da ke Abuja da Dutse, da me kuke so mu biya?