Wai Mace Ce Ke Tuƙa Ta

Duk tsohuwar motar da na je tayawa, wai mace ce ke tuƙa ta, daga gida sai ofis. To wa ya cinye robar matakin birki har ƙarfe ya fito, alhali agogon kilomita na nuna kamar jiya aka saye ta? Na tayar da inji, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, alamar tana shan baƙin mai. Dillali ya ce sanyin safiya ne. Da rana tsaka!

Na taya, ya ƙyalƙyale da dariya, wai akwai mai kawo kuɗi anjima. Shi wannan bawan Allah kullum yana hanya, bai taɓa isowa ba. Da na ce bari bakanikena ya zo ya leƙa ƙarƙashinta kuwa, nan take mai motar ya tuna sauri yake yi.