Tafi Ba Ya Sayen Magani

Assalamu alaikum 'yan'uwa matasa. Yawancinmu ba mu san wasan besbol ba sai a talabijin: wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki. Amma yadda masu wannan wasa a Amurka ke mu'amala da tsofaffin sojoji ya isa mu tsaya mu duba.

Duk Litinin ɗin ƙarshen watan Mayu, ranar tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga, fili kan yi tsit na ɗan lokaci. Ƙungiyar San Diego Padres, da yake garinsu na sojojin ruwa ne, takan sa riga mai zanen kakin soja a wasannin Lahadi na gida. Abin yana da asali. Kwana biyu da harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a 1941, Bob Feller na Cleveland ya ajiye ƙwallo ya shiga sojan ruwa, yana tsakiyar tashensa, ya yi asarar kusan kaka huɗu. Ted Williams na Boston sau biyu aka kira shi aikin soja. A yaƙin Koriya ya tashi jirgin yaƙi sau 39, har ya taɓa saukowa da jirgi yana cin wuta.

To, ga inda gizo ke saƙar. A 2015 sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, suka fitar da rahoto cewa ma'aikatar tsaron ƙasar ta biya ƙungiyoyin wasanni, har da na besbol, kimanin dala miliyan 6.8 don shirya irin wannan karramawa. 'Yan kallo na ta hawaye, ashe talla ce aka biya kuɗinta. McCain kuwa ya san zafin abin, don ya shafe fiye da shekara biyar a hannun abokan gaba a Biyetnam.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Boston Red Sox. Bayan sun je gaida sojojin da suka ji rauni a asibitin Walter Reed, ba su tsaya ga ɗaukar hoto ba. A 2009 suka haɗa kai da babban asibitin Massachusetts suka kafa shirin Home Base, inda ake kula da wanda ya dawo da firgici, da rashin barci, da bugun ƙwaƙwalwa, shi da iyalinsa, ba ko sisi. Duk shekara ana tseren tara kuɗin da ke ƙarewa a cikin filinsu na Fenway.

Mu fa? Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin Najeriya, ta zo, kowa ya ɗora hoton kaki a Facebook, ya rubuta "Allah ya jiƙan 'yan mazan jiya", shi ke nan sai baɗi. Alhali a layinku akwai dattijon da ya je Laberiya ko Saliyo, yanzu gadi yake a ƙofar wani, kuma kai ne ke masa dariya idan ya zabura da jin ƙarar salansar babur. Haba ɗan'uwa! Kakanninmu da suka je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu ma haka yara suka riƙa tsokanarsu.

Zumunta dai a ƙafa take. Ka je ka durƙusa ka ce, "Baba, barka da hutawa, ya ƙarfin jiki?" Kada ka tambaye shi mutum nawa ya kashe, in yana son ba da labari zai bayar da kansa. In lokacin tantance 'yan fansho ya yi, kai da ka iya waya da intanet ka zauna ka cike masa takardu, ka raka shi banki. Ke kuma 'yar'uwa, matar da mijinta bai dawo daga Sambisa ba tana nan da marayu, ki leƙa ki ji ko an biya musu kuɗin makaranta na wannan zangon.