Tsibi biyu na mutanen Mudar da wayar da ke hannunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah 'yan uwa maza da mata. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, wanda ya gaji ya ajiye ya dawo daga baya, amma dan Allah kar a danna laik a wuce ba a karanta ba, don ba laik ɗin nake nema ba. Kuma ni na fi kowa buƙatar abin da zan faɗa.

Akwai wani hadisi a Sahihu Muslim da kullum in na ga an buɗe neman taimako a Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp sai ya faɗo min a rai. Jariru ɗan Abdullahi (RA) ya ce wata rana da farkon yini suna zaune wajen Manzon Allah (SAW) sai ga wasu mutane sun iso, ba takalmi a ƙafarsu, ba wata suturar kirki sai guntayen mayafan ulu, suna rataye da takubbansu, mafi yawansu, kai dukkansu ma, 'yan ƙabilar Mudar ne. Da Annabi ya ga irin talaucin da suke ciki sai fuskarsa ta canza. Ya shiga gida ya fito, ya umarci Bilal ya kira salla ya tada iƙama, ya yi salla, sannan ya miƙe ya yi huɗuba, ya karanta farkon Suratun Nisa'i da ayar nan ta Suratul Hashr mai cewa kowace rai ta duba abin da ta gabatar domin gobe. Ya ce mutum ya yi sadaka daga dinarinsa, daga dirhaminsa, daga tufarsa, daga alkamarsa, daga dabinonsa, har ya ce ko da tsagin dabino ne. Sai wani mutum daga cikin Ansar ya taho da wani ƙunshi mai nauyin da hannunsa ya kusa gazawa, Jariru ya ce kai ya ma gaza. Daga nan fa sai mutane suka yi ta biyo baya, wannan ya kawo wancan ya kawo, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Annabi tana ta haske kamar an shafa mata zinare. A nan ne ya faɗi maganar da duk muka haddace, cewa wanda ya sunnanta sunna mai kyau a Musulunci yana da ladanta da ladan duk wanda ya yi aiki da ita a bayansa ba tare da an rage musu komai ba, haka ma wanda ya sunnanta mummuna yana da zunubinta da na masu binsa.

To ku duba fa. Wannan ai shi ne abin da muke yi yau da waya, a sanar da jama'a, ɗaya ya fara, saura su bi. Kuma a bainar jama'a aka yi shi, kowa yana ganin ƙunshin mutumin nan, ganin ne ma ya zaburar da sauran. Saboda haka masu cewa wai duk wanda ya yi maganar taimako a soshiyal midiya riya yake yi, ku yi a hankali da zukatan mutane, ba ku tsaga kun gani ba. Allah da kansa ya ce a Baƙara aya ta 271 in kun bayyana sadaka to madalla da ita, in kuma kun ɓoye ta kun kai wa matalauta shi ya fi muku alheri. Duka biyun ƙofa ce a buɗe.

Kuma wallahi kayan nan suna aiki in aka sa su a hanya. A 2014 aka yi wani yayi da mutane ke kwara wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara suna ɗaukar bidiyo suna kiran sunan wasu su ma su yi, da yawa sun ɗauka shirme ne kawai, amma ƙungiyar da ke yaƙi da cutar ALS a Amurka, cutar da ke kashe jijiyoyin motsi a hankali, ta samu dala miliyan 115 ta dalilinsa. Lokacin girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta ci rai sama da dubu 50, akwai waɗanda suna ƙarƙashin ɓaraguzan gini suka tura saƙo da bidiyo da wayarsu suna faɗin inda suke, mutane suka yi ta yaɗawa don masu ceto su gani. Balle ƙananan abubuwa na kullum da ba sa shiga labarai, mai neman jini da tsakar dare, yaron da ya ɓata aka ga hotonsa, ɗalibin da kuɗin makaranta ya tsaya masa. Ko ba ka da ko sisi, akwai hadisin mutumin da abin hawansa ya halaka ya zo wajen Annabi (SAW) a ɗora shi, Annabi ya ce ba ni da shi, sai wani ya ce ni zan nuna masa wanda zai ɗora shi, sai Annabi ya ce wanda ya yi nuni zuwa ga alheri yana da kwatankwacin ladan wanda ya aikata. Kun ga kenan yaɗa saƙon da kake yi ma yana iya zama ibada.

Amma ga inda nake so mu tsaya mu daɗe. Ku koma ku sake karanta hadisin Jariru, ku nemo min sunan mutumin da ya kawo ƙunshin. Babu. Wani mutum daga Ansar, shi ke nan abin da aka ce. Ku nemo min sunan ko mutum ɗaya daga cikin mabuƙatan Mudar ɗin. Babu. Sama da shekara 1400 ana karanta labarin nan ana tara sadaka da shi, mai bayarwa ba a san shi ba, masu karɓa ba a tozarta su ba, aikin kuma ya yi kyau har ya faranta ran Annabi.

Mu kuma fa? An kai wa baiwar Allah ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mutum huɗu sun kewaye ta, ɗaya ya riƙe waya, ana cewa Mama ɗago kanki, Mama riƙe kayan da kyau, Mama yi mana addu'a da ƙarfi ba a ji ba, a sake. Ita kuma tana ta jan mayafi tana son rufe fuska, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma yunwa ba ta bari ta ce a'a. Gobe bidiyon yana TikTok da kiɗan tausayi a ƙarƙashi, maƙwabtanta sun gani, surukanta sun gani, 'ya'yanta za su je makaranta a nuna su da baki, kuma abin da ya hau intanet ai ba ya sauka, ko kai ka goge wani ya riga ya adana. Kayan da ka ba ta sati ɗaya sun ƙare, bidiyon kuma har jikokinta. Ɗan uwa wannan ciniki ne ka yi, ka sayi mutuncinta da araha. Allah ya ce a Baƙara aya ta 264 kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa, kafin nan ma a aya ta 263 ya ce kyakkyawar magana da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita. Ni dai ban ga cutarwar da ta wuce a mai da talaucin mutum abin kallo ba.

Na san amsar da ake bayarwa, wai masu ba da kuɗi suna son shaida. Gaskiya ne suna da haƙƙin shaida, amma shaidar ba fuskar marainiya ba ce. Ka ɗauki hoton kayan, ka ɗauki rasit, ka ɗauki rijiyar ko ajin da aka gyara, in dole sai mutum ya fito a rufe fuskarsa, wayoyi da yawa yanzu suna yin wannan. In kuma ka ce ya amince, ka tambayi kanka tsakani da Allah, da yana da yadda zai yi zai amince? Kuma ka gwada wani abu a zuciyarka, in aka ce maka yau ba kyamara, za ka je rabon ko za ka ce a ɗaga sai wani satin. Kar ka ba ni amsa, ni ba ruwana, amma ka tuna hadisin Abu Huraira na mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu mai dukiya ne da bai bar wata hanyar ciyarwa ba, a ce masa ƙarya kake, ka yi ne don a ce kai mai kyauta ne kuma an faɗa. A da sai mutum ya jira a faɗa, yanzu kuwa lambar masu laik tana ƙasan hoton yana ta leƙawa yana ƙirgawa.

Sai maganar amana. Ka buɗe neman taimako, ka saka lambar akawun, kuɗi sun shigo, shiru. Ba a ji nawa aka samu ba, ba a ji inda aka kai ba, in wani ya tambaya a kwament sai a ce masa hassada, ko a yi bulokin ɗinsa. Haba. Ko kai waliyyi ne ka fito da lissafi, an samu kaza, an kashe kaza, saura kaza kuma ga abin da za a yi da shi. Kuɗin da aka bayar don jinyar wani ba naka ba ne ka juya su wani aikin don kai ka ga ya fi, sai ka koma ka tambayi masu su. Mutum ɗaya in ya ci amana a wannan fagen, mabuƙata ɗari na gaskiya ne za su zo bayansa a ƙi yarda da su.

Masu fasaha kuma, masu zane da rubutu da waƙe da haɗa bidiyo da masu koyar da sana'ar hannu, kar wani ya sa ku ji kamar baiwarku ba ta da gurbi a addini. Hassanu ɗan Sabit mawaƙi ne, Annabi (SAW) ya ce masa ya mayar wa maƙiya martani da waƙe Jibrilu yana tare da shi. Kuma Allah mai kyau ne yana son kyau. Wanda ya zauna ya koya wa mutane gyaran wani abu a YouTube kyauta, wani can da bai taɓa gani ba ya koya ya ci abinci da shi, ai wannan ilimi ne mai amfani. Abu biyu kawai zan roƙa, kar neman mabiya ya kai ka ga abin da za ka ji kunyar mahaifiyarka ta gani, sannan in ka ɗauko aikin wani ka faɗi mai shi, goge sunan mutum a jikin zanensa ka saka naka ƙwace ne ko da ba kuɗi a ciki.

Guruf ɗin dangi da na tsofaffin 'yan makaranta shi ma ni'ima ne, mutanen da shekara goma ba a haɗu ba yau ana jin lafiyar juna kullum. Sai dai in an ce wane ba lafiya, kar ka tsaya a sitikar Allah ya ba da lafiya, ka fita daga guruf ɗin ka kira shi ya ji muryarka. Kuma ƙaramin guruf ɗin nan da ake warewa a gefe don a tattauna wani da ke babban guruf, mun san sunansa, gulma ce, tana nan a Suratul Hujurat aya ta 12.

Bari in faɗi nawa laifin. Kwanaki wani saƙo ya shigo min, ana neman jini da gaggawa ga wani yaro a asibiti, ga lambar waya. Tausayi ya kama ni, ban yi wata-wata ba na watsa shi duk inda nake. Can da yamma wani ɗan uwa ya kira ni ya ce ya buga lambar, mahaifin yaron ne ya ɗauka, ya ce yaron ya rasu tun shekara biyu da suka wuce, kuma har yau duk bayan 'yan watanni sai saƙon ya sake tasowa mutane su yi ta kiransa suna tambayar yaron. Wallahi ranar na kasa sukuni. Ni a ganina alheri na yi, ashe miki na fama wa bawan Allah. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Kuma a Bukhari, cikin dogon mafarkin da Samura ɗan Jundub ya ruwaito, an nuna wa Annabi mutumin da ake yage masa gefen baki har ƙeya da ƙugiyar ƙarfe, aka ce shi ne wanda ke fita gida da safe ya yi ƙarya ta kai sasannin duniya. Mu yanzu ko fita ba sai mun yi ba, daga kan gado take kaiwa. Su kansu masu WhatsApp sun ga ɓarnar, shi ya sa a 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci ɗaya, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo da yawa suka mai da shi wuri ɗaya tak.

Tun daga ranar ba na tura neman taimako sai na kira lambar da kaina na ji muryar mutum. Dan Allah duk wanda zai rubuta irin wannan saƙon ya saka kwanan wata a layin farko, da shekara, in buƙata ta biya ko Allah ya yi ikonsa ya dawo wurin da ya fara sakawa ya rubuta an rufe, ya goge lambar wayar. Wanda kuma ya san yana da tsohon fostin irin wannan a shafinsa ya je ya duba shi yau, ni na samu uku a nawa.