Yadda gizaka ta tuɓe ni daga sarautar noma

Tun da na baro ƙauye ban sake riƙe fartanya ba, sai da 2024 ta zo da tsadar tumatir ɗin nan da kowa ya sani. Aka wayi gari uwargida tana ƙirga tumatir ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kuɗin adashi, miya kuma ta koma launin da ba shi da suna. Na ce a'a, ɗan manomi jikan manomi ba zai zauna kayan miya su wulaƙanta shi ba.

Akwai ɗan fili bayan ɗakin girkinmu da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Na samo buhunan siminti goma sha biyu, na cika su da ƙasa da kashin awaki, na shuka tumatir da kuɓewa da alayyafo da yakuwa, na dasa dankali a gindin katanga. Wata zurma ta fito da kanta a lungu, na bar ta don ta ƙara wa gonar kwarjini. Tumatir ɗin da aka yi duk wahalar dominsa dai bai ga ƙarshen marka ba, ruwan Agusta ya kwantar da shi. Kuɓewa ce ta fitar da ni kunya, ta yi tsawo har ta wuce ni. Yara suka fara kirana Sarkin Noma. Da tsokana suka fara, ni kuma na karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Wata safiyar Juma'a ina shan koko na ji ihu daga bayan gida.

"Malam! Malam, gizaka!"

Na tarar da uwargida ta yar da wuƙa da kwano, tana nuna wani ganyen dankali daga nesa. Na juya ganyen da tsinke. Wata 'yar aba ce da ba ta kai rabin ɗan yatsa ba, koriya shar, ta lafe a bayan ganye, jikinta duk tuntayen ƙaya a jere kamar an yi mata kitso. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na tara yara na yi musu karatu: wannan jaririya ce kawai, nan da 'yan makonni za ta yi fiffike ta tashi kamar malam-buɗe-littafi, ba ta cizon mutum. Na cilla ta bayan katanga, na ce tun da na fito bari in tsinko kuɓewar miyar rana.

"To ka sa riga mai dogon hannu," in ji uwargida.

Na dube ta, na dubi singiletin da ke jikina. Na tuna mata cewa ni na yi sussukar gero tun ina ɗan shekara goma, ƙaiƙayi ya san waɗanda yake kamawa.

Wata ƙatuwar kuɓewa na hango can bayan zurmar. Na sunkuya na kutsa, ganyen zurma ya shafi kafaɗata ta baya, kusa da wuya. Wallahi na ɗauka wani ne ya ɗora mini garwashi. Tunanina na farko rina ce, don haka na kai wa wurin mari da iya ƙarfina, na kuma murza. Ashe 'yar'uwar wadda na yi wa dariya ce, ga shi na niƙe ta tsakanin fatata da singileti.

Yara suna tsaye, sai na dake. Na ce musu ƙaiƙayin kuɓewa ne. Dakewar ba ta kai minti ɗaya ba. Zafin ya gangara hannu, ya hau wuya, wurin ya yi ruɗu-ruɗu. Na fito daga cikin kuɓewar da wata irin rawa da ko a gidan biki ba a taɓa ganina da ita ba, na tuɓe singiletin na rataya a ƙusar bayan ƙofa, na hau goga baya da bango kamar akuya.

Hajiya ce ta fara isowa daga ɗakinta. "Ɗan nan, tsaya mana!" Ta ɗebo toka a murhu ta goge wurin da ita sosai. Ihu ya jawo tsohon da ke gadin gidan maƙwabta, ya leƙo ya ce toka ta mutanen da ce, manja ake sawa. Aka shafa manja a kan toka, aka murza. Uwargida, wadda har lokacin ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi gizakar ciwo, ta ɗauko man zafi. Wannan kam ba zan iya kwatanta shi ba. Na dai san na ambaci sunan kakata da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Tsohon yana cewa a kawo kananzir na sa jallabiya na gudu kemis.

Mai kemis ɗin yaro ne da na girme shi nesa ba kusa ba, amma sai da ya juya baya ya gama dariyarsa. Ya ce ai ba cizo take yi ba. Ƙayoyin nan na jikinta kamar allurai suke, da dafi a ciki, suna taɓa fata sai su karye su maƙale. Duk murzar da aka yi mini tun safe ƙara tura su ciki aka yi. Ya ce in je a wanke wurin da ruwa da sabulu ba tare da dirzawa ba, a bar shi ya bushe, a manna salatif a ɗaye, a sake manna sabo a ɗaye, sannan a ɗora ƙanƙara. Ya ba ni Piriton, ya ce zai sa ni barci. Ya ƙara da cewa in na ga fuska ko leɓe na kumbura, ko numfashi na yi mini wuya, asibiti zan nufa kai tsaye, kada in dawo wurinsa.

Aikin salatif 'yata ta fari aka ba. Sai da aka yi wanki uku kafin manja ya bari ya kama. Abin da mai kemis bai faɗa mini ba shi ne salatif ba ya bambanta gashin gizaka da nawa. Kowace ɗayewa sai ta ce, "Sannu Abba," ƙannenta kuma suna ƙirgawa da ƙarfi. Ƙanƙara a gidan mai sayar da zoɓo aka samo. Na sha magani na yi barci har la'asar, da na farka zafin ya sauka, sai ɗan ƙaiƙayi.

Washegari Asabar akwai ɗaurin auren ɗan aminina ƙarfe sha ɗaya, ni ne wakilin ango. Na makara. Cikin gaggawa na miƙa hannu bayan ƙofa na zari singileti, na ɗora 'yar ciki, na zuba babbar riga shadda mai sitaci, na kafa hula.

Muna zaune gaban liman, masallaci ya cika, zufa ta fara tsattsafowa, sai na ji wani abu ya farka a kafaɗata. Nan take na tuna wane singileti ne. Gashin gizaka ashe bai san uwarsa ta mutu ba.

Mutum ba ya sosa baya a gaban surukai. Na dinga ɗaga kafaɗa ina saukewa, ina karkata wuya, ina cije leɓe. Daidai lokacin waliyyin amarya ya faɗi sadaki, naira dubu ɗari biyu. Abin ya soke ni, na girgiza kai na ce, "Kai! Innalillahi!"

Masallaci ya yi tsit. Waliyyin, dattijo mai kunya, ya dubi 'yan'uwansa, suka yi ƙus-ƙus. Ya juyo ya ce, "Alhaji, ai ba ciniki muke yi ba, albarka muke nema. A bar shi ɗari da hamsin."

Na buɗe baki in gyara zance, wani sukan ya sake zuwa, na runtse ido na ɗaga hannu. Liman ya ɗauka na amince, ya ce a yi salati. Ana shafa fatiha ban tsaya goro ba, na faɗa bayin masallaci na tuɓe komai.

Da daddare aminina ya kira ni, murya cike da murna. Ya ce bai taɓa sanin na iya magana da jiki haka ba, kuma ƙanin angon zai yi aure bayan Sallah, ni za a sake wakiltawa. Uwargida tana gefe tana yanka kuɓewar da ta tsinko da kanta, da safar hannu. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ka ce masa to, Sarkin Noma. Singiletin na nan, ban wanke ba."